Allurar da Ba Tata Ba

Ni mace ce mai mantuwa, kowa a gidanmu ya san da haka. Ina iya ɗora tukunya a wuta in shiga maƙwabta neman gishiri, sai ƙauri ya dawo da ni. Amma ranar da aka yi wa yayata allurar da ba tata ba, ko zan tsufa har haƙorana su zube, ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun shuɗe, an yi damina an yi rani, an yi yaƙi mun gudu mun dawo, duk da haka in na rufe ido har yanzu ina jin warin ɗakin nan na asibiti.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da garin Sinnar, wurin da kakanninmu suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Makka, zangon ya zame musu gida. Yaya ce babba a ɗakinmu, ni ce ƙaramar mata, ita ta goye ni har na yi wayo. Halinmu kuwa ya sha bamban. Ita mace ce mai kara, irin wadda in babba ya shigo sai ta zame daga tabarma ta zauna a ƙasa, in an taka ta ma ita ce mai ba da haƙuri. Ni kuma Inna takan ce bakina ya riga haƙorana fitowa. Lokacin da abin ya faru Yaya tana da 'ya'ya uku, ƙaramarsu mace, ba a daɗe da yaye ta ba.

Ƙarshen damina ne, lokacin da ruwa ke kwanciya a magudanan gona, sauro ya yi ta cin kasuwarsa. Zazzaɓi ya kama ta tana tsakiyar aiki a gonar mijinta. Ta ɗaure kai da ɗankwali ta ci gaba, kamar yadda matanmu suka saba, har sai da ta kai ko ruwa ta sha sai ya dawo. Ƙwayoyin da aka sayo mata ma ba sa zama a cikinta. Mijinta ya ɗauko shatar mota muka kai ta asibitin gwamnati na garin da ke kusa da mu. Likita ya ce malariya ce ta yi ƙarfi, sai an kwantar da ita an sa mata ruwa da magani ta jijiya. Ni da Inna muka zauna jinya. An zaɓe ni ne don na fi Inna Larabci, ita nata na gaisuwa ne da cinikin kasuwa.

Ɗakin mata dogo ne, gadaje sahu biyu, a saman kowane gado an rubuta lamba a bango da jan fenti. Fanka ɗaya ce tak ke juyawa a duk ɗakin, sauran sun daɗe da mutuwa, gizo-gizo ya yi musu lulluɓi. Allah ya sa aka ba Yaya gado na huɗu, daidai ƙarƙashin mai rai ɗin. Har tsiya na yi mata, na ce wannan karon dai kin ci sa'a, ko matar hakimi sai haka. Ta fara samun sauƙi kuwa. Amai ya ragu, tana tashi zaune, tana tambayar ko an ba 'yar autarta kunu. Likita ya ce in ta ci gaba a haka ba za mu daɗe ba.

Ana nan sai aka kawo wata tsohuwa da yamma, mai ciwon sukari, ga gyambo a ƙafa. Surukarta ce ke jinyarta. Aka ba ta gado na tara, can ƙarshen ɗaki, kusa da tagar gabas wadda murfinta ya ɓalle. Da muka ji suna Hausa sai Inna ta je gaishe su, kun san mu, ko a lahira muka ji Hausa sai mun tambayi mutum ɗan gidan wa ne. Daga wani ƙauye suke ta wajen Dindir. Ana cikin jan zare, wane ɗan wane, sai ga shi ashe tsohuwar ƙawar kakarmu ce ta wajen uba, tare suka yi 'yanmatanci kafin aure ya raba su. Ta kama hannun Inna ta yi ta hawaye tana ambaton mutanen da duk sun riga mu gidan gaskiya.

Washegari da hantsi rana ta faɗo ta tagar nan ta sauka a kan tsohuwar. Tana nishi, ƙuda na bin ƙafar, surukar tana yi mata fifita da kwali. Na lura Yaya ta kasa sukuni, ta juya nan ta juya can. Can sai ta ce, “Inna, ba ni iya kwanciya ƙarƙashin iska, tsohuwag ga tana ƙuna ga rana.”

Na ce, “Yaya, ke ma fa ba biki ya kawo ki ba.”

“Ke dai baki. Tashi ki kama mani ruwan ga in sauka.”

Na dubi Inna ko za ta hana. Inna ta kau da kai, amma na ga daɗi a fuskarta. Ta ce, “Bar ta. Abin da anka koya mata na ta yi.”

Haka na riƙe ledar ruwan sama, Yaya ta dafa kafaɗata muka taka zuwa ƙarshen ɗaki. Tsohuwar ta yi ta ƙi, irin ƙin nan namu da kowa ya san inda zai ƙare, daga bisani aka tallabe ta aka mai da ita ƙarƙashin fanka, Yaya kuma ta hau gado na tara. Albarkar da ta sa wa Yaya a safiyar nan, da ana ɗaura ta a buhu da ta ishi ƙauye guda. Matan ɗakin duk suka yaba, har wata Balarabiya ta ce wannan 'yar mutanen kirki ce. Tsohuwar ta ƙara da cewa alheri gadon barci ne. Tun daga ranar ba na son jin wannan karin magana a bakin kowa.

Ba wanda ya yi tunanin a gaya wa ma'aikata. Na sha juya wannan a raina, kuma har gobe ban ga wanda zai yi tunanin ba a cikinmu. Wa zai tashi ya je ofis ya ce ku rubuta, na girmama tsohuwa? A wurinmu irin wannan abu yi ake a yi shiru, faɗarsa ma zubar da lada ne. Ba mu san cewa a wurinsu lambar da ke bango ita ce mutum ba.

Sistar da ta kwana da mu ta san fuskokinmu, amma ta tashi aiki tun da sassafe. Wadda ya kamata ta karɓe ta ba ta zo ba, sai aka aro wata daga ɗakin yara, matashiya, idonta ja wur kamar ba ta runtsa ba. Allurar masu sukari a firijin ɗakinsu ake ajiye ta saboda zafi, a can suke zuƙowa, su manna filasta a jikin sirinji su rubuta lambar gado. Ta shigo da farantinta tana sauri. A lokacin surukar tsohuwar ta fita sayo bandeji, ita kuma tsohuwar iska ta ratsa ta, barci ya kwashe ta. Yaya tana kwance ta juya wa taga baya, ta ja mayafi ta rufe har kai saboda rana.

Sistar ta ɗaga kai ta dubi bango, ta ɗauki sirinji, ta ce da Larabci, “Hannunki, ya Hajja.” Yaya ta zaro hannu daga cikin mayafi ba ta ko buɗe fuska ba. 'Yar ƙaramar allura ce, aka tsira mata a dantse, kafin ka ce kwabo an gama. Ina tsaye a wurin. Tun da muka zo ake yi mata allurai iri-iri, ba wanda ya taɓa gaya mana wannan ta mece ce, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Har godiya na yi mata. Da ta wuce na ce, “Yaya, kin ji? Kin hau gadon tsohuwa kin zama Hajiya ba ki biya kuɗin jirgi ba.” Ta yi dariya daga cikin mayafin ta ce, “Allah shi shirye ki.” Ban ƙara jin dariyarta ba daga wannan.

Mun dama mata kunu, ta kurɓa kaɗan ta ture, ta ce zuciyarta na tashi. Kafin azahar sai zufa ta fara karyo mata, mayafin ya jiƙe sharkaf, hannunta na rawa. Ta ce gabanta na faɗuwa, tana ganin duhu-duhu. Inna ta taɓa goshinta ta ji sanyi ƙalau, sai ta ɗaga hannu sama. “Alhamdu lillahi, masassara ta karye. Ku dibi zuhwa, cutar ce ke hita.” Matan ɗakin duk suka ce haka ne. Ni ma na ce haka ne. Duk wanda ya tashi a bakin kogin nan ya san zazzaɓi da zufa yake sallama, tun muna yara muke ganin haka. Yaya ta yi wata magana da ba mu gane ba, ta lumshe ido. Inna ta gyara mata lulluɓi ta ce, “Ku bar ta ta yi kwana, ta daɗe ba ta samu ba.”

Ana haka 'yan dubiya suka iso daga ƙauye da kwanukan abinci. Don kada hayaniya ta tashe ta, sai muka fita da su tsakar asibitin, muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Mun ci kisra, wato wainar dawa, da miyar kuɓewa, mun sha shayi, an yi hirar farashin riɗi da auren da za a yi bayan kaka. Na yi dariya har da ƙwalla. Wannan zaman shi ya fi ci mini rai a duk labarin nan, domin bango ɗaya ne tsakaninmu da ita, kuma daga baya na ji cewa cokalin sukarin da muke zubawa a shayi ya isa ya tare abin tun da farko. Na leƙa ta a tsakani, na tarar tana minshari, abin da ba ta taɓa yi ba. Na dawo na gaya musu, aka ce gajiya ce.

Da aka kira la'asar Inna ta ce a tashe ta, tunda azahar ta wuce ta, kuma Yaya ko naƙuda take ba ta wasa da salla. Na taɓa ta, shiru. Na girgiza ta, kanta ya langaɓe gefe. Haƙoranta sun datse, yawu na bin gefen bakinta, jikinta sanyi kamar randa. Inna ta fara salati. Ni kuwa na kwasa a guje zuwa ɗakin ma'aikata, ba kowa, na wuce ɗakin yara.

A bakin ƙofa na tarar da sistar, surukar tsohuwar ta riga ni, suna ta sa-in-sa. Surukar na cewa tun safe ba a yi wa Hajiya allurar sukarinta ba, ga shi ƙishirwa ta dame ta. Sistar ta ce, “Da hannuna na yi mata, gado na tara.”

Surukar ta ce, “Wane tara? Hajiya tana na huɗu tun da hantsi.”

Ban riga na buɗe baki ba. Sistar ta dube ta, ta juyo ta dube ni, ta ga yadda nake haki. Abin da ke hannunta ya faɗi ƙasa, ta ture ni ta sheƙa ɗakin mata. A nan na gane, tun kafin kowa ya yi mini bayani.

Ruwan sukari mai ƙarfi ake buƙata a ɗura mata ta jijiya nan take. Aka buɗe kabad, babu. Sistar ta rubuta mini sunansa a tafin hannu, na fita ƙofar asibiti ba takalmi, kantin magani na farko ya ce ya ƙare, sai a na gaba na samu. Kafin in dawo an kira likita daga gida. Aka ɗura mata muna tsaitsaye. Wata mata ta ce mini in kwantar da hankali, ta taɓa ganin an yi wa mijinta haka, nan da nan ya tashi yana neman abinci. Na zuba wa fuskar Yaya ido ina jiran ta tashi ta ce me ya tara ku. Ta buɗe ido kuwa, amma ba mu take kallo ba. Sai jikinta ya sanƙare ta fara fizge-fizge. Likita ya ce a nemi mota, sai babban asibitin Madani.

A Madani mun daɗe. An yi abin da za a iya yi, ban ga laifinsu ba. Daga ƙarshe wani babban likita ya kira mijinta gefe, ni kuma na bi su don in fassara wa Inna. Ya ce ƙwaƙwalwa da sukari take rayuwa, tata kuwa ta yini babu, abin da ya lalace ba ya dawowa. Ya ce za ta iya rayuwa, amma kada mu sa ran wadda muka sani. Na dawo wurin Inna tana zaune a kan tabarma ta zuba mini ido. Duk bakin nan nawa, na rasa da wace Hausa zan gaya mata. Na ce ya ce a yi ta addu'a.

Bayan mun dawo da ita gida, mahaifin sistar ya zo ƙauyenmu da dattawan unguwarsu, da rago da buhun sukari. Buhun sukari! Ina ganin ana sauke shi na shige ɗaki. Aka zauna a ƙofar gidan kawunmu, aka yi ta ma'alesh, wato a yi haƙuri, aka jawo ayoyi, aka ce ƙaddara ta riga fata. Wani da ya zo daga asibitin ya ɗan sa baki ya ce ai da ma doka ta hana mara lafiya canja gado ba izini. Ina bayan zana ina ji, na ɗaga murya na ce dokar a ina aka rubuta ta, wa ya taɓa gaya mana, kuma ita ba ta da bakin tambayar suna? Mata suka toshe mini baki suka ja ni ciki. Kawu ya ce an yafe duniya da lahira. Da dare ya yi sai ya kira ni ya ce, “Ɗiyata, mu da har yau aka ce ma baƙi, mu za mu kai ƙarar hukuma wurin hukuma? In mun kai, yayarki tashi za ta yi?”

Ita ma sistar ta zo daga baya tare da uwarta. Ta durƙusa a gaban gadon Yaya ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce ranar ɗakuna uku aka bar mata ita kaɗai, kuma daga aikin kwana aka tsayar da ita. Na yi shekaru ina tsine mata a zuci, yanzu kuma na gaji. In na ɗora mata laifin sai in tuna jajayen idanun nan, in na sauke mata sai in tuna tambaya ɗaya ce tak ba ta yi ba. Na ji an ce ta bar aikin. Waɗanda suka bar ta ita kaɗai da ɗakuna uku kuwa, ko sunansu ba mu sani ba.

Tsohuwar ta warke, ta ƙara shekaru masu dama. Duk kaka sai ta aiko da riɗi da gyaɗa, duk wanda ya je ƙauyensu kuma sai ta kama shi da kuka tana cewa da ita aka ɗauka. Inna ce ba ta ƙara zama daidai ba. Ba ta taɓa cewa ita ta ce a bar ta ta yi barci ba, mu ma ba mu taɓa tuna mata ba, amma abinci ya fita ranta. Kun san uwa a wurinmu ba ta kama sunan 'yar fari, tun da na tashi ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Inna ba, sai dai “waccan” ko “uwar yara”. Wata rana da hantsi na shigo da tulu, sai na ji murya daga rumfa. Inna ce zaune a bakin gadon, ta riƙe fuskar Yaya da hannu biyu, tana kiran sunanta ƙarara, tana maimaitawa, ko Allah zai sa ta waiwayo. Na ajiye tulun na koma waje na zauna a ƙasa. Haka ta riƙa yi kullum har ta rasu, Yaya ba ta taɓa amsawa ba.

Yau Yaya tana wurina. Mijinta ya yi iyakar ƙoƙarinsa, daga baya ya ƙara aure, ban riƙe shi a zuci ba. Ina juya ta safe da yamma don kada bayanta ya yi gyambo, ina ba ta kunu da cokali. Da yaƙi ya iso yankinmu a amalanken jaki muka ɗauke ta, a shi muka dawo da ita, ba ta san an tafi ba balle an dawo. 'Yar autarta ta girma a hannuna, ni take kira Inna. Bara zazzaɓi ya kwantar da yarinyar a asibiti, aka shigo da wata dattijuwa ba gado mai kyau, sai na ga yarinyar ta fara yunƙurin tashi. Na danne kafaɗarta na ce kwanta. Duk ɗakin aka zuba mini ido, na ji wata na cewa matar nan ba ta da tarbiyya. Na ce na ji, na karɓa.

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, kuma ban ji daɗin koyonsa ba. Kara da kunya na gida ne, a asibiti ajiye su nake a bakin ƙofa tare da takalmi. Ba mai tsira wa nawa allura sai ta faɗi sunansa da bakinta na ji, ta gaya mini ta mece ce. Mara lafiya in ya yi barcin da bai saba ba, tashinsa nake ko zai zage ni. Ma'aikata sun san ni, in sun hango ni sai su ce ga fitinanniyar nan ta zo. Ina gaya wa duk wadda za ta tafi jinya daga ƙauyenmu haka, wasu su ji, wasu su ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Mai yiwuwa wata rana maganar ta ceci 'yar wani. Sai dai ko mutum nawa ta ceta, ba Yaya a cikinsu.